Ni na jona wayar, amma Rafik ne zai rasa aikinsa

Assalamu alaikum Admin da sauran 'yan uwa na wannan zaure. Don Allah a saka min wannan ba tare da sunana ba, kuma duk sunayen da zan ambata na canza su, saboda mu Hausawan da ke nan Doha kusan duk mun san juna. Shawara nake nema, kuma ina roƙon duk wanda zai ba ni ya daure ya karanta har ƙarshe, abin yana da ɗan tsawo, ni kaina ban san ta inda zan gajarta shi ba.

Ni mai gadi ne, sikiriti kamar yadda ake ce mana a nan, a wani rukunin gidaje da ke wajen Mesaimeer. Kafin in zo ƙasar nan aikin sola nake yi a gida, haɗa fanel da batir da inbata, ban yi makarantar abin ba, a hannun wani maigidana na koya, amma dai na san waya daidai gwargwado, kuma wannan ɗan sanin ne ya jefa ni cikin abin da nake ciki yau. Ina da mata da yara biyu a gida, ga mahaifiyata, duk da wannan aikin nake riƙe da su.

Sai na ɗan yi muku bayanin wurin kafin ku gane maganar. Get ɗinmu biyu ne a jere, babba na motoci da ƙarami na masu tafiya a ƙasa. Ƙaramin da kati ake buɗe shi, akwai 'yar na'ura a jikin bango ta ciki da ta waje, in ka kara katinka sai ta yi ƙara, fitilarta ta koma kore, makulli ya saki. Makullin na maganaɗisu ne, wato wuta ce take riƙe da ƙofar, in wutar ta yi ƙasa riƙon ma sai ya yi rauni. Wutar na'urar da ta makullin duk daga wani akwatin ƙarfe take fitowa, yana cikin durowar da ke ƙarƙashin teburinmu a ɗakin gadi, shi yake mayar da wutar gari ta koma bolt goma sha biyu, kuma akwai batir a cikinsa. Mabuɗin akwatin yana cikin tarin mabuɗan da ke hannunmu, amma ba a yarda mu taɓa shi ba sai in gobara ta tashi.

Abokin diyutina wani dattijo ne da zan kira Baba Iro. Shi ya karɓe ni lokacin da na zo ban san kowa ba, shi ya ba ni bargo da kwano, ya nuna min bas ɗin da zan hau, ya koya min yadda ake gaisawa da Larabawa da yadda ake haɗiye magana in sufabaiza yana faɗa. Ranar da aka yi min rasuwar yayana ban samu zuwa gida ba, shi ya zauna da ni. Baba Iro yana da ciwon suga, na allura, kafin ya ci abinci sai ya yi wa kansa, kuma ya ɓoye wa kamfani, don yana tsoron in suka sani ba za su sabunta masa kwantiragi ba, ga shi da 'yan mata a makaranta a gida. Ko haka za su yi ko ba haka ba ban sani ba, amma shi dai ya yi imani da hakan, kuma ya sa na yi masa alƙawarin ba zan faɗa wa kowa ba.

Da zafi ya shigo bana sai jikinsa ya fara rikicewa. Diyutinmu tun safe ne har yamma, esin da ke sanyaya ɗakin gadin kuma tsoho ne, ga ƙofa kullum a buɗe ana shiga ana fita, da rana ɗakin kamar tanderu. Yana yin allurar amma kamar bai yi ba, ƙishirwa, jiri, ido yana yi masa hazo. Wata rana yana ɗaga wa wata mota hannu na ga ya dafa bango, da ban riƙe shi ba da ya zube. A kemis aka gaya masa zafi ne yake lalata maganin, dole ya riƙa ajiye shi a wuri mai sanyi. Muka gwada filas da ƙanƙara, kafin azahar ta narke. Firji kuwa ba zai yiwu ba, don tun da butar dafa ruwa ta taɓa tayar da wuta a wani wurin gadi na kamfaninmu aka hana mu jona komai a soket, sai cajar oba-oba da talabijin ɗin kyamara, kuma sufabaiza yana faɗowa ba sanarwa ya dudduba.

Ranar hutuna na je kasuwar Asian Town, ina yawo sai na ga wani ɗan ƙaramin firji irin na mota, wanda ake jonawa a wurin kunna sigari, bai fi girman kular abinci ba. Ina ganin an rubuta bolt goma sha biyu a jikinsa sai akwatin nan na ƙarƙashin tebur ya faɗo min a rai. Na saya, washegari na yanke kan wayar, na buɗe akwatin, na ga akwai gurbi biyu da ba a amfani da su, na ɗaure wayata a nan, na tura firjin can cikin durowa na rufe. Ba mai gani. Wallahi a ranar daɗi na ji, ina ganin na yi wa dattijon nan abin da ɗa zai yi wa ubansa. Baba Iro ya yi ta sa min albarka, kuma cikin 'yan kwanaki jikinsa ya dawo daidai. Ban tsaya na duba nauyin wutar da akwatin zai iya ɗauka ba, alhali ni ne nake yi wa mutane faɗa a gida in sun jona dutsen guga a ƙaramar inbata.

Ba a daɗe ba na'urar kati ta fara wasa. Mutum zai kara katinsa ta ƙi karantawa, ko fitilar ta yi ta ƙiftawa, ko ta mutu ta sake tashi da kanta tana ƙara. Da safe lafiya lau, sai rana ta take sannan abin ya fara. Mazauna gidajen suka fara ƙorafi, manajan wurin ya kira kamfanin da suka saka na'urorin, suka turo ma'aikacinsu, wani mutumin Kerala da zan kira Rafik, dama shi ya yi aikin tun farko. Musulmi ne, mai sanyin hali, in ya zo sai ya taho mana da shayin madarar nan da ake ce wa karak, in lokacin salla ya yi mu yi tare a bayan ɗakin gadi. Kafin ya taho yakan kira ya ce yana hanya, to ni kuma da na ji haka sai na kwance wayata, na saka firjin a jakata. A wannan karon na farko ban yi don na san ni ne matsalar ba, na yi ne don kar a ga abin da aka hana. Ya zo ya auna ko'ina da mitarsa, ya ga wuta cif, ya kara kati ya fi a ƙirga tana buɗewa, ya ce wataƙila na'urar ce zafi ya taɓa, ya canza sabuwa ya tafi. Yana tafiya na mayar da wayata.

Abin ya dawo. A nan ne fa na fara zargi, sai na gwada da kaina, in na cire wayar komai ya daidaita, in na mayar sai fitilar na'urar ta dushe. Firjin yana jan wutar da ta fi ƙarfin akwatin, musamman da rana. Daga wannan lokacin ba ni da wani uzuri, na sani sarai. Na ce a raina zan nemo wata dabara, in sayi adafta in ɓoye wayar ta bayan tebur zuwa soket. Na sayo wata ta ƙone a ranar, na ce sai hutu mai zuwa in nemo mai ƙarfi, hutun ya zo aka riƙe ni diyuti, na gaba ya zo na gaji na yi barci. Na riƙa cirewa ina mayarwa, in maganin ya yi sanyi in cire, in na ji ɗakin ya ɗau zafi in mayar, ina gaya wa kaina ai matsalar ba ta wuce mutum ya tsaya a rana na ɗan lokaci ba, kuma muna nan za mu buɗe masa da hannu.

Rafik ya yi ta zarya. Ya canza batir, ya ce ya yi mamakin yadda ya mutu da wuri. Da abin ya ƙi sai ya ce to wataƙila wayar da ta bi ta ƙarƙashin ƙasa ce ta samu rauni, ya zo ya ɗaga bulon da aka shimfiɗa tun daga ɗakinmu har get, ya ja sabuwar waya, shi kaɗai, rigarsa kamar an tsoma a ruwa. Ni na tsaya a kansa ina kallo, ni na miƙa masa ruwan sha. Da ya gama ya shigo ya durƙusa gaban akwatin yana kallonsa, sai ya ɗago ya tambaye ni da Turancinsa mai haɗe da Larabci, ya ce, “Ɗan uwa, akwai wanda yake buɗe akwatin nan in ba na nan?” Na ce masa babu. Firjin yana cikin jakata a bayan kujerar da yake dafe da ita. Ya gyaɗa kai, bai sake tambaya ba, ya ce shi dai abin ya ɗaure masa kai, shekarunsa da yawa a aikin nan bai taɓa ganin irinsa ba, kuma mudir ɗinsa, wato shugabansa a kamfani, ya fara cewa ko dai bai iya aikin ba ne. A ranar ce ma ya nuna min hoton ɗakin da ya kama a unguwar Mu'aither, ya yi masa fenti da kansa, ya ce takardun matarsa sun kusa fitowa, tun da suka yi aure hutu ne kawai yake haɗa su.

Yanzu ga inda abin ya zama abin da ya zama. A cikin gidajen akwai wani likita ɗan Arewa, zan ce masa Dakta, ya kawo mahaifinsa daga gida saboda jinya. Alhaji tsoho ne sosai, kuma yana da ciwon mantuwa, wani lokacin ya san inda yake, wani lokacin yana ganin yana garinsu ne. Da ya ji muna Hausa sai ya saba da mu, da yamma mai aikin gidan takan rako shi ya zauna a kujera bakin ɗakin gadi, ya yi ta ba mu labarin fataucin shanu da ya yi zuwa Kudu, ya tambaye mu ko an yi ruwa, ya ce zai leƙa masallaci ya dawo, mu ce masa Alhaji ai ba a kira ba tukuna. Saboda shi da ƙananan yara ne ma aka sa fita ta ƙaramin get sai da kati. Dakta da kansa ya zo ya same mu, ya gaishe da Baba Iro har da rusunawa, ya ce ga amanar mahaifinsa nan, mu sa masa ido. Muka ce in sha Allahu ba abin da zai same shi.

Ranar da abin ya faru zafin ya wuce misali, wayata tana jone tun hantsi. Bayan azahar wata babbar mota ta kawo kayan ɗaki, na fita babban get ina duba takardunsu muna ta ja-in-ja da direban, Baba Iro kuma ya shiga banɗaki yin allurarsa. Mai aikin gidan Dakta tana kicin, Alhaji ya fito shi kaɗai. Daga baya da aka duba kyamara an gan shi ya zo ƙaramin get, ya tura da hannu ɗaya, ƙofar ta buɗe kamar ba makulli a jikinta, ya fita. Tsohon da ko butar alwala da ƙyar yake ɗagawa. Ba wanda ya lura sai da mai aikin ta fito a guje tana tambayarmu ko mun gan shi. Ina jin haka na kalli get ɗin na gan shi a sake, kuma abin da na fara yi, Allah ya yafe min, ba fita nemansa ba ne, shiga ɗaki na yi na tsuguna na kwance wayata na cusa firjin a jaka. Sai da na gama wannan sannan na fita.

Aka bazu nema, Dakta ya baro asibiti, aka kira 'yan sanda. Ni na tuna kullum maganarsa masallaci ce, sai na bi hanyar da ake hango hasumiya daga get ɗinmu, na wuce masallacin ban gan shi ba, na ci gaba ina leƙa lunguna. Wajen la'asar na same shi a bayan wani gini da ba a ƙarasa ba, zaune a ƙasa ya jingina da bulo, takalmi ɗaya ya ɓace, tafin ƙafar ya sale saboda zafin kwalta, leɓensa ya bushe ya tsattsage. Bai gane ni ba, da sunan wani yake kirana, ina jin ƙaninsa ne da ya rasu, yana cewa in je in kora shanun kar su shiga gonar mutane. Na cire rigata na yi masa inuwa, na ɗiga masa ruwa a baki, na kira Dakta. Har yanzu Alhaji yana asibiti, an ce rashin ruwa ya taɓa masa ƙoda, yana samun sauƙi amma bai fara taka ƙafar ba, kuma Dakta ya ce tun ranar maganarsa ta ragu sosai.

Manaja ya ɗora laifin gaba ɗaya a kan kamfanin na'urar, ya ce an yi ta kiransu sun kasa gyarawa, kamfanin kuma suka ɗora a kan Rafik. Suka turo wasu injiniyoyi biyu suka canza akwatin da sabo, komai ya yi daidai, to dama ba abin da zai hana tunda wayata ba ta nan, sai hakan ya zama hujja a kansa, wai akwatin ne ya lalace tun farko shi kuma ya kasa ganewa yana ta canje-canjen banza. Aka dakatar da shi daga aiki. Ya je har asibiti ya ba Dakta haƙuri, ina wurin, na je duba Alhaji. Ya tsaya a bakin ƙofa ya haɗa hannuwa yana cewa ya yi iya ƙoƙarinsa, bai san me ya faru ba, a yafe masa. Dakta bai ɗaga murya ba, ya ce masa kawai ya tafi, ba ya son ganinsa yanzu. Rafik ya juya zai fita ya gan ni, ya miƙo min hannu muka gaisa, ya ce min na gode da na samo tsohon.

Ni kuwa na zama gwarzo. Manaja ya yaba min a gaban sauran masu gadi, an ce ba laifinmu tunda ina babban get a kan aiki. Matar Dakta kullum sai ta aiko mana da abinci, tuwo da miyar kuka, abin da na daɗe ina marmari, in buɗe kwanon in kasa kai loma, sai dai in ba masu shara. Dakta ya kira ni gefe ya riƙe hannuna ya ce, “Ba ni da abin da zan biya ka, kai ɗan uwana ne daga yau.” Ya ji na iya aikin wuta, ya ce zai yi min magana da wani abokinsa a samo min aikin gyara in bar gadi. Na sunkuyar da kai na ce na gode, shi yana ganin kunya ce.

Baba Iro da farko bai haɗa abin da firjin ba, don ban taɓa gaya masa shi ne yake jawo matsalar ba, na bar shi yana ganin na'urar ce kawai ba ta da kyau. Sai da ya ga na daina jonawa ya koma filas da ƙanƙara, ya tambaye ni dalili, na gaya masa gaskiya a ɗakinmu na kwana. Bai taɓa yi min faɗa irin na ranar ba. Ya ce don me na sani na yi shiru, da na gaya masa da ya gwammace ya sha wahalarsa da a ce an bar ƙofa a sake saboda shi, ya ce na sa shi cikin alhakin da bai san ya ɗauka ba. Ni ma zuciya ta ɗebe ni na ce ai saboda shi na yi, kuma shi ya ɗaure ni da alƙawarin kar in faɗa wa kowa ciwonsa, da ya fito ya gaya wa kamfani tun farko da ba a kai nan ba. Na ga maganar ta soke shi, muka kwana biyu ba ma haɗa ido a wurin aiki. Daga baya ya same ni ya ce ya yi tunani. “Ka ce ni na jona. Ni na tsufa, in an kore ni gida zan koma, kai yaranka ƙanana ne.” Na ce masa Baba kai da ko fulogi ba ka iya canzawa ba wa zai yarda, kuma ko an yarda ƙarya ce a kan ƙarya. Ya ce to shi dai ba zai iya ci gaba da kallon yaron nan Rafik a fuska ba.

Akwai wani ɗan ɗakinmu da ya ji muna maganar, shi nasa ra'ayin daban. Ya ce in kama bakina, abin da ya faru ya riga ya faru, Alhaji bai mutu ba, Rafik kuma yana da sana'a a hannu kuma 'yan ƙasarsu sun cika garin nan, za su samar masa wani aikin, mu kuwa in aka kore mu ba mai waiwayarmu. Ya ce kuma in sani maganar ba za ta tsaya a kora ba, tunda har da 'yan sanda a ciki kuma na taɓa abin da aka hana, ana iya kai ni kotu. Har ya ce wai ai Rafik ba namu ba ne. Wannan kalmar ta tsaya min a rai, don mutumin da muka yi sahu ɗaya da shi, ya sayo min shayi da kuɗinsa, ban san ta yaya zai zama ba namu ba. Amma ba zan ɓoye muku ba, maganar kotun ta tsorata ni, kuma ita ce ta riƙe ni har yau. Matata ba ta san komai ba, in ta kira sai ta ce muryata ta canza, in ce mata zafi ne. Mahaifiyata kuma Dakta ya sa an kira ta an yi mata godiya a kan irin tarbiyyar da ta ba ni, ta kira ni tana kuka don daɗi.

Na yi ta juya hanyoyin da nake da su. In na faɗi gaskiya dukkanta, Rafik zai fita, ni zan tafi, kuma Baba Iro ma zai tafi don dole a tambayi me ake sakawa a firjin, ga alƙawarin da na yi masa, ko da yake yanzu shi da kansa ya sake ni. In na ce firjin nawa ne na ruwan sanyi, na ceci Rafik na rufa wa Baba asiri, amma na sake yin wata ƙaryar, kuma zan zama mutumin da ya kusa kashe tsoho saboda ruwan sanyi, haka za a riƙa ba da labarina har gida. Na yi tunanin in fara samun Dakta shi kaɗai in gaya masa, wataƙila a matsayinsa na likita ya fahimci maganar Baba Iro, ya san yadda zai janye ƙorafinsa a kan Rafik ba tare da an tona komai ba, amma kuma mahaifinsa ne a kwance, ban san me zai yi ba in ya ji wanda yake kira ɗan uwa shi ne sila, kuma sai da na ɓoye firji kafin na fita neman uban nasa. Wannan ɗin ko Baba Iro ban gaya wa ba, ku ne na farko da kuka ji.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, jiya Rafik ya kira ni. Ya ce ranar Lahadi za a zauna, manajanmu da mutanen kamfaninsu da Dakta, a nan za a yanke ko a mayar da shi aiki ko a soke masa biza, kuma ya ce wa matarsa ta dakata da shirin tahowa. An ce yana iya kawo wanda zai yi masa shaida, shi kuma sunana ya bayar. Ya ce, “Kai ne kake wurin duk zuwan da na yi, kai ka ga yadda na yi aikin. Ba na so ka ƙara komai, abin da ka sani kawai za ka faɗa musu.” Na ce masa in sha Allahu zan zo.

To 'yan uwa, zan je ɗin, wannan kam na riga na amsa. Abin da ban sani ba shi ne me zan faɗa in an ce in yi magana. In tsaya a kan cewa ya yi aikinsa da kyau, wanda gaskiya ne amma na san ba zai cece shi ba? In faɗi nawa laifin in ɓoye na Baba Iro? Ko in je wurin Dakta kafin ranar? Masu ilimin addini a cikinku ku gaya min me ke kaina game da Alhaji da game da Rafik, waɗanda kuma suka san dokar ƙasar nan ku gaya min gaskiyar abin da zai iya samuna, kar ku sassauta min. Wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta, amma don Allah bayan zagin ya bar min shawara, Lahadi ta kusa.